Ɗakin Girkin Uwargida: Taliyar Japan da Naman Sa Cikin Rabin Sa'a

  

A garuruwanmu na bakin kogin Isa, tun daga Garou har Madécali da Malanville, mace ba ta rasa abin yi. Wata tana fadamar albasa, wata tana turara shinkafa, wata tana rumfar kasuwa, wata kuwa malamar makaranta ce ko ma'aikaciyar asibiti. In ta komo gida da la'asar sakaliya, tuwo da miya ba su yin ƙasa da sa'a biyu kafin a sauke, ga yara sun taso daga Islamiyya da yunwa. Abin da ya fi sauƙi shi ne a miƙa wa yaro 'yan kuɗi ya tafi wurin mai shayi a dafa masa taliyar leda. Yin haka sau ɗaya ko sau biyu ba aibu ba ne. Amma in ya zama shi ne abincin dare na kullum, to, yaro zai tashi a kan gishiri da mai, ba ganye ba nama, kuma zai saba da ci a bakin titi maimakon ya sa hannu a kwano ɗaya da 'yan'uwansa.

Saboda haka ne a wannan fitowa muka kawo wa uwargida wani girki na mutanen Japan, wanda ake haɗa taliya da naman sa da ganye a kasko guda, a gama cikin rabin sa'a. Kusan dukan kayansa suna kasuwarmu, kuma nama kaɗan yake ci. Sai dai akwai abubuwa biyu a cikin asalinsa waɗanda ba su halatta ga Musulmi ba, za mu bayyana su, mu kuma faɗi abin da zai maye gurbinsu.

Asalin girkin

Mutanen Japan suna da taliya iri-iri. Akwai mai kauri fara sol da suke kira udon, wadda ba a sa mata kome sai garin alkama da ruwa da gishiri, kuma lardin Kagawa ne ya fi shahara da ita. Duk matar da ta taɓa murza taliyar Hausa da hannunta ta san wannan kwaɓi. In an soya ta da nama da ganye sai su ce yaki udon, in kuwa an zuba ta cikin romo aka ɗora naman sa a kai sai su ce niku udon. Akwai kuma wata siririya mai launin rawaya, wadda ake kwaɓa ta da wani ruwa mai kama da ruwan kanwarmu, ita ake soyawa a kira yakisoba.

Abin mamaki shi ne cin naman sa baƙon abu ne a tarihin ƙasar. A shekarar 675 Sarki Tenmu ya kafa dokar hana cin naman shanu da dawaki da kaji da wasu dabbobi, saboda tasirin addinin Buda, kuma sarakunan bayansa suka riƙa sabunta irin wannan hani. Kusan shekara 1,200 yawancin jama'a suna dogaro da kifi da shinkafa da waken suya, har zuwa 1872 da Sarki Meiji ya ci naman sa aka kuma sanar wa talakawa. Sun ƙware wajen yanka nama falle-falle, su haɗa shi da albasa da ganye mai yawa, yadda ɗan kaɗan zai game tukunya. Wannan dabara ita ce babbar ribar da uwargida za ta samu a girkin yau.

Ita kanta taliyar leda da yaranmu suke so, daga can ta fito. Wani ɗan kasuwa mai suna Momofuku Ando ne ya ƙirƙiro ta a garin Ikeda, kusa da Osaka, ya fara sayar da ita a watan Agusta na 1958. Dabararsa ita ce a turara taliya sa'an nan a soya ta cikin mai har ruwanta ya ƙone, ta daɗe ba ta lalace ba. A 1971 ya fito da ta cikin kofi. Indomie kuwa ta ƙasar Indunusiya ce, aka kafa mata masana'anta a garin Ota na jihar Ogun a Nijeriya a tsakiyar shekarun 1990, daga nan ta bi 'yan kasuwa ta shiga kowane lungu na yankinmu. A 2023 an ci irin wannan taliya fiye da sau biliyan 120 a duniya. Haka nan farin magi: wani masani mai suna Kikunae Ikeda ne ya ciro sinadarinsa daga ciyawar teku a birnin Tokyo a 1908, aka fara sayar da shi da sunan Ajinomoto a 1909. Ashe ke nan girkin Japan ya daɗe da shiga madafinmu, sai dai ɓangarensa na masana'anta ne ya riga na gida isowa.

Abin da Musulma za ta kiyaye

Abu na farko shi ne naman alade. A Japan yawanci da shi ake soya yakisoba, kuma akan sa romonsa ko kitsensa cikin garin ɗanɗano da miyar kwalba da ake sayarwa a haɗe. Mu da muke saye wurin mahautanmu ba mu da damuwa a kan naman kansa. Damuwar tana ga kayan kwalba da na leda da ake kawowa daga waje, musamman tsarabar da 'yan'uwa kan zo da ita daga Kwatano ko Turai. Kafin a buɗe, a karanta jerin abin da ke ciki. In an ga ɗaya daga cikin kalmomin Faransanci porc, lard, saindoux, vin ko alcool, to, a ajiye. Kalmar gélatine ma abar tuhuma ce, sai in an bayyana daga wace dabba aka samo ta. Wadda ba ta karatun boko ta sa ɗanta ya karanta mata, wannan ma wata tarbiyya ce gare shi.

Kada a ɗauki wannan a matsayin tsanani. A farkon 2001 an janye farin magi daga kasuwannin Indunusiya, bayan majalisar malaman ƙasar ta gano cewa an yi amfani da wani sinadari da aka samo daga alade a wani mataki na sarrafa shi. Kamfanin ya sauya hanyar aikinsa, aka mayar masa da shaidar halal. Darasin da ke ciki shi ne, abin da ido ba ya gani a tukunya, bincike ne kawai ke nuna shi.

Abu na biyu shi ne giya. Kusan kowane girkin nama na Japan ana zuba masa sake, wato giyar shinkafa, da kuma mirin, wadda ita ma giyar shinkafa ce mai zaƙi, da barasa wajen kashi 14 cikin ɗari. Wasu kan ce ai wuta na ƙone barasar. Wannan magana ba ta tabbata ba, domin wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 1992 ya nuna cewa bayan minti 15 ana dahuwa, kashi 40 cikin ɗari na barasar da aka zuba yana nan a cikin abinci, kuma ko bayan sa'a biyu da rabi akwai saura. Girkinmu kuwa bai fi minti goma a kan wuta ba. Ban da haka, sayen giya da ajiye ta a gida haramun ne ko da don girki ne. Aikin da take yi musu guda biyu ne, ɗan zaƙi da kashe ƙarnin nama, kuma sukari da citta da lemun tsami suna yin wannan aiki sarai.

Saura ruwan waken suya, baƙin ruwan nan mai gishiri da Japanawa ke kira shoyu, ana rubuta sauce soja a jikin kwalbarsa. Da waken suya da alkama da gishiri ake yin sa, a bar shi ya tsumu watanni, kuma a cikin tsumuwar nan ɗan kaɗan na barasa kan samu da kansa. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncin irin wannan. Hanya mafi kwanciyar hankali ita ce a nemi mai tambarin halal, ko kuwa a yi amfani da daddawa kamar yadda za mu bayyana. Wadda abin ya shige wa duhu ta sa maigida ya tambayi malamin unguwa.

Kayan haɗi, na mutum shida

Taliya ƙunshi ɗaya mai giram 500, ta kanti ko ta Hausa mai kauri
Tsokar naman sa giram 400
Albasa manya 2
Kabeji rabin matsakaici
Karas 2
Tattasai 2 da attarugu 1
Lawashi ɗan dunƙule
Ɗanyar citta kamar girman babban yatsa
Tafarnuwa ƙwaya 4
Ruwan waken suya babban cokali 5
Sukari babban cokali 1
Lemun tsami 1
Man gyaɗa babban cokali 4

In babu ruwan waken suya, a daka daddawa dunƙule biyu, a jiƙa ta da rabin kofin ruwan zafi na minti goma, a tace. A narka sukarin a kasko har ya yi ja, a zuba ruwan daddawar a kai, a sa gishiri cokalin shayi biyu. Ɗanɗanon ba zai zama ɗaya da na asali ba, amma dangi ne, domin dukansu 'ya'yan itace ne masu kwanso da aka bari suka tsumu. Su ma Japanawa suna da wani waken suya mai yauƙi da wari da suke kira natto, wanda irin ƙwayar halittar da ke nunar da daddawarmu ce ke nunar da shi.

Yankan nama

Nan ne girkin yake gyaruwa ko ya ɓaci. Yankinmu ba ya rasa shanu, ga kasuwar dabbobi ta Guéné kusa da mu, amma sanmu na kiwo ne mai yawan tafiya, namansa ya fi tauri a kan na turke. Don haka a ce wa mahauci ya ba da tsoka zalla marar jijiya, ta gadon baya ko ta cinya. A duba yadda zaren naman ya miƙe, a yanka a gicciye, kada a bi tsawonsa, domin wuƙa ta gajarta zaren da haƙori zai yi fama da shi. A yi shi siriri kamar wanda za a yi tsire da shi, faɗinsa kamar yatsu biyu. Mai firiji ta sa naman a wurin ƙanƙara na rabin sa'a, in ya ɗan sandare ya fi daɗin yanka. Wadda ba ta da shi ta roƙi mahaucin ya fere mata, ai aikinsa ne na kullum.

A zuba wa naman babban cokali biyu na ruwan waken suyan, da rabin dakakkiyar citta da tafarnuwa, da ruwan rabin lemun tsami, a cuɗa, a rufe, a bar shi har a gama sauran aiki. A wanke wuƙa da faranti da hannu da sabulu kafin a taɓa ganye.

Yadda ake haɗawa

A ɗora ruwa mai yawa a tukunya. Kafin ya tafasa, a yanka albasa da tattasai a tsaye, kabeji manya-manya, karas siriri kamar ashana, lawashi kuma ƙanana. A haɗa sauran ruwan waken suya da sukari da ludayi ɗaya na ruwa a ƙaramin kwano. Lalle ne kome ya kasance a gefen murhu kafin a fara suya, domin da zarar mai ya yi zafi babu sauran lokacin neman wuƙa, kuma Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa.

In ruwa ya tafasa a zuba taliya, ba tare da gishiri ba. Mai son ta yi rawaya da danƙo irin ta yakisoba ta zuba cokali ɗaya na tataccen ruwan kanwa, amma ta tsaya a kai, domin yakan yi kumfa ya zube, kuma in ya yi yawa taliyar za ta yi ɗaci. A sauke ta da sauran ɗan ƙarfinta, kamar minti biyu kafin ta nuna, tun da za ta ƙarasa a kasko. A tace, a ɗauraye da ruwan sanyi mai tsabta, a shafa mata cokali ɗaya na mai don kada ta manne.

A ɗora kasko mai faɗi a kan wuta mai ƙarfi, in gawayi ne a fifita shi har ya yi ja. A zuba mai cokali biyu, in ya fara hayaƙi a shimfiɗa rabin naman, kowane yanki ya taɓa ƙarfe. A bar shi minti ɗaya ba a taɓa ba, a juya, a ƙara minti ɗaya ko biyu, a kwashe, sa'an nan a soya sauran rabin. Dalilin raba shi biyu shi ne, in an cika kasko zafinsa zai faɗi, naman ya zubar da ruwansa ya koma dahuwa, ya yi tauri. A tabbata babu sauran ja a jikinsa, domin naman sa da bai nuna ba yana kawo tsila.

A zuba sauran man a kaskon nan ba tare da an wanke shi ba. A fara da albasa da karas, minti biyu, sai sauran citta da tafarnuwa da attarugu, sai kabeji da tattasai, minti biyu kuma. Ana son ganyen ya risina amma ya kasance yana ƙaras-ƙaras a baki. A zuba taliya, a mayar da nama tare da ruwan da ya tsatso daga jikinsa, a kwarara haɗin nan na ƙaramin kwano ta gefen kasko, a yi ta juyawa da cokula biyu har taliyar ta shanye ta yi ƙyalli. A sauke, a watsa lawashi, a matse sauran lemun tsami. In kaskon ƙarami ne a raba wannan matakin ma gida biyu. A ci da zafinsa, domin in ya huce taliyar takan dunƙule.

Na romo, don lokacin ɗari

In hunturu ya shigo, ko akwai tsoho ko marar lafiya a gida, sai a yi mai romo. Japanawa da ciyawar teku da busasshen kifi suke yin romonsu, suna kiransa dashi. Mu kuwa Allah Ya hore mana kifin kogi. A wanke bandar kifi guda biyu, a tafasa cikin ruwa lita ɗaya da rabi tare da ɗan citta na minti goma sha biyar, a tace. A wata ƙaramar tukunya a dafa albasa da ludayi biyu na romon, da sukari, da cokali uku na ruwan waken suya, in ta yi laushi a zuba naman, minti biyar ya isa. A zuba sauran ruwan waken suyan a babban romo. Sai a sa taliya a kwano, a kwarara romo, a ɗora nama da albasa da lawashi a kai. Tsokar kifin kuma a cire ƙaya a ba yara.

Batun gishiri da aljihu

Uwargida za ta lura cewa ba mu ambaci magi ba, kuma da gangan ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato kamar cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke ɓoye cikin magi da burodi. Babban cokali ɗaya na ruwan waken suya yana ɗauke da gishiri wajen giram biyu da rabi. Cokali biyar ke nan ya kai giram 12, in an raba wa mutum shida kowa ya sami giram 2, kusan rabin rabonsa na yini. Duk wadda ta ƙara dunƙulen magi a kan wannan ta wuce gona da iri. In akwai mai hawan jini a gida, a rage zuwa cokali uku, a ƙara citta da lemun tsami. In kuma taliyar leda ce kawai ke hannu, ana iya yin girkin da ita: a tafasa ta minti biyu, a zubar da ruwan, a ajiye ƙunshin garin da ke ciki gefe.

Ta fuskar kuɗi kuwa, mutanen bakin iyaka sun fi kowa sanin yadda farashi ke tashi dare ɗaya. Mun gani lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, muka sake gani bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, da aka rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya, har mutane da kaya suka koma ƙetarewa da kwalekwale. Girkin da rabinsa albasa ne da ganyen fadamarmu ya fi jure irin wannan yanayi a kan wanda dukansa daga kwali yake fitowa. Ran da nama ya gagara, a soya awara ko cukun Fulani a yanka a sa a madadinsa. Ita ma awarar ba baƙuwa ba ce ga Japanawa, abincinsu ne na yau da kullum da suke kira tofu. In kabeji ya yi tsada a sa alayyafo ko ganyen zogale a ƙarshen suya. Ma'aunin da muka bayar jagora ne kawai, ido ba mudu ba ne amma ya san kima.

Ba mu ce wannan taliya ta ture tuwo da miyar kuka daga gidajenmu ba. Ta ranar da lokaci ya ƙure ce, ko baƙo ya yi sallama bayan magariba. Su Japanawa da tsinke biyu suke cin tasu, har suna zuƙar ta da ƙara don nuna ta yi daɗi. Mu kuwa a zuba a babban faranti, a tara yara, a wanke hannu, a yi Bismillah, a ci da dama. A jawo 'yan mata su yi yankan ganye, samari ma su fifita wuta, domin yaron da ya iya haɗa wannan ba zai sha wahala ba ran da karatu ko fatauci ya raba shi da gida. Kada kuma a manta da kwanon maƙwabta, tun da ƙanshin citta da nama ba ya tsayawa a katanga.

Allah Ya sa albarka a tukwanenmu, Ya ciyar da mu halal, Ya tsare mu daga haram. Sai mun sadu a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.